Ɗalibin aji uku mai son binciken kayan cikin kwamfuta: daga ina zai kama?

Ɗan_Aji_Uku ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aji uku a sashen injiniyan kwamfuta a wata jami'a a nan Arewa. Abin da ke raina shi ne kayan cikin kwamfutar kansu, wato yadda ake zana furosesa, yadda memori ke aiki, da yadda ake fitar da cif. Rubuta manhaja bai ja ni kamar wannan ba. Mun yi darasin lojik a zangon da ya wuce kuma na ci da kyau, amma gaskiya in aka ce in haɗa wani abu da ya wuce taswirar Karnaugh a takarda, zan tsaya ina kallo ne. Ɗakin gwajinmu yana da alluna, sai dai rabinsu ba sa tashi, kuma mukan taru kusan mu goma a kan guda ɗaya.

Waɗanne darussa ya kamata in riƙe da hannu biyu, a makaranta da kuma a intanet? Wane abu zan iya ginawa da kaina da laftof ɗina mai RAM 8 GB? Sannan shin akwai wata ƙofar bincike da ɗalibin digirin farko daga Nijeriya zai iya shiga, ko sai an kai ga mastas? SIWES ɗinmu, wato horon aiki a masana'anta, yana zuwa a aji huɗu, ba na so in ɓata wata shida ina gyaran firinta. Allah ya saka da alheri.

Malam_Lojik ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. A makaranta darussa uku ne ƙashin bayan abin da kake nema: lojik na dijital, tsarin ginin kwamfuta, da maikurofurosesa. Akwai na huɗu da ɗaliban kwamfuta suke rainawa, shi ne ilektironik na tiransisto, musamman MOSFET. Duk wanda bai gane yadda tiransisto biyu suke haɗuwa su zama ƙofar NOT ba, zai sha wuya ranar da aka fara maganar saurin cif da wutar da yake sha. A intanet kuwa, darasin 6.004 na MIT da CS61C na Berkeley suna nan kyauta, haka ma laccocin Farfesa Onur Mutlu na ETH Zurich a YouTube. Ɗaya za ka ɗauka ka bi har ƙarshe da aikin gidansa. Wanda ya buɗe uku lokaci guda ba ya gama ko ɗaya.

Amma abin da zai raba ka da sauran 'yan ajinku shi ne Verilog, harshen da ake bayyana da'ira da shi. Ba ka buƙatar ɗakin gwaji don wannan. Ka sauke OSS CAD Suite, a cikinsa akwai Icarus Verilog da Verilator na gwajin kwaikwayo, da GTKWave na kallon siginoni, da Yosys mai mayar da rubutunka ƙofofin lojik. Duk suna tafiya a laftof mai 8 GB ba tare da nishi ba. Ka fara da shafin HDLBits, yana da tambayoyi kusan 180 daga waya guda har zuwa injin matakai. In kana yin biyar kullum, sati shida sun ishe ka.

Kurakurai biyu ne ke kama kowa a nan. Na farko, Verilog ba C ba ne. Layukan ba sa gudana ɗaya bayan ɗaya, kowane yanki da'ira ce da ke aiki a lokaci guda da sauran. Cikin yankin da ke bin bugun agogo, wato siginar da ke bai wa da'ira lokaci bugu-bugu, ka yi amfani da alamar <= kawai, cikin wanda ba ya bin agogo ka yi amfani da =. In ka cakuɗa su, rajistoci (ƙananan ma'ajiyar bit) uku da ka jera don su miƙa wa juna bit za su iya narkewa su koma ɗaya, ko kuma gwajin kwaikwayo ya nuna abu ɗaya allo ya yi wani. Na biyu, in ka rubuta if babu else, ko case babu default, a yankin da ba ya bin agogo, Yosys zai ɗauka kana son a riƙe tsohuwar ƙima ne, sai ya dasa maka sakata (latch), da'irar da ke riƙe ƙima, inda ba ka nema ba. Yakan faɗa a cikin gargaɗinsa. Ka riƙa karanta gargaɗin, kar ka tsallake don kawai bai ce kuskure ba.

Bayan haka sai babban aikin: ka gina furosesa ta RISC-V, wani tsarin umarnin furosesa, nau'in RV32I. An fara wannan tsarin a Berkeley a 2010, kuma kowa na iya ginawa ba tare da biyan lasisi ba, shi ya sa jami'o'i da yawa suka koma koyarwa da shi. Rajistoci 32 ne, kowace bit 32, ta farko x0 kullum sifili ce. Umarni 40 ne, in ka ajiye FENCE da ECALL da EBREAK a gefe saura 37, kuma su kaɗai sun isa su gudanar da shirin C da manhajar fassara ta GCC ta fassara. Ka fara da ALU, sashen lissafi da lojik, ita kaɗai da fayil ɗin gwajinta, sannan rumbun rajistoci, sannan mai warware umarni, sannan ka haɗa su da ƙirgau na PC mai riƙe adireshin umarnin da za a ɗauko, ta yadda kowane umarni zai gama a bugu ɗaya.

Ga inda za ka yi tuntuɓe, tun da wuri ka sani. A umarnin reshe, masu tsalle zuwa wani umarni in sharaɗi ya cika, irin su BEQ, an warwatsa bit-bit na lambar tsalle a wurare daban-daban cikin umarnin, kuma bit na ƙasa kullum sifili ne ba a rubuta shi. In ka jera su ba daidai ba, tsalle zuwa gaba kaɗan zai yi aiki, tsalle zuwa baya ya kai ka daji. LB yana miƙa alamar ragi zuwa bit 32, LBU ba ya yi. SRA yana buƙatar $signed tare da >>>, in ba haka ba zai cika da sifili kamar SRL. JALR yana share bit na ƙasa na adireshin. Sannan dole rumbun rajistoci ya yi watsi da duk rubutu zuwa x0. Kar ka dogara da idonka wajen gano waɗannan. Akwai tarin gwaje-gwajen riscv-tests, ka gudanar da rukunin rv32ui, kowane umarni da fayil ɗinsa. Ranar da suka wuce, ka ɗora aikin a GitHub da bayani mai kyau. Wannan ma'ajiyar ta fi takardar shaidar kowane kwas da za ka saya.

Baba_Mai_Dalma ya amsa:

Malam_Lojik ya faɗi gaskiya, amma zan ɗan ja da shi a wuri ɗaya. Yaron da bai taɓa ganin waya ta yi masa gardama ba, yana ɗauka 1 da 0 tsarkakakku ne kamar yadda suke a allon laftof. Kafin ya nutse cikin Verilog ko kuma tare da shi, ya ware sati uku ya haɗa abu da hannunsa. Kuɗin ba su da yawa.

Ɗana, ka nemi allon gwaji mai ramuka guda biyu, da ayisi (IC, ƙaramin cif) 555 ɗaya, da 74HC00 da 74HC04 da 74HC74 bibbiyu, da 74HC161 mai ƙirga bit 4, da 74HC283 mai tara lamba. Ka haɗa da LED goma, da maɓallai huɗu, da resista 1k da 10k guda ashirin-ashirin, da kafasito 100 nF guda goma, da mita. Wuta kuwa cajar waya mai bolt 5 ta isa, ko fawa-banki, wanda ma ya fi, tunda ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Sai dai wasu fawa-bankin suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi ƙanƙanta, kar ka ɗauka da'irarka ce ta mutu.

Ka fara da agogo. 555 da R1 na 1k, R2 na 68k, da kafasito 10 µF zai ba ka bugu kusan ɗaya a daƙiƙa, lissafin shi ne ka tara R1 da ninki biyu na R2, ka ninka da ƙimar kafasiton, sannan ka raba 1.44 da abin da ya fito. Ka kai bugun ga 74HC161, ka ga LED huɗu suna ƙirga daga 0 zuwa 15. Sannan ka cire 555 ka sa maɓalli a madadinsa. Za ka danna sau ɗaya ƙirgan ya yi tsalle uku ko biyar. Ba ayisin ba ne ya lalace. Ƙarfen cikin maɓallin ne yake ɗan rawa na 'yan milisakan kafin ya zauna, ayisin kuma yana ƙirga kowace rawa. Wannan darasi ba ya shiga kai sai an gani.

Kowace ayisi ka sa mata kafasito 100 nF tsakanin ƙafar wuta da ta ƙasa, a manne da ita, ba can ƙarshen allo ba. Lokacin da ƙofofi suka juya tare suna fizgar wuta nan take, doguwar waya ba ta iya kawowa da wannan sauri, sai wutar ta ɗan faɗi ƙirgau ya rikice. Duk ƙafar shiga da ba ka amfani da ita a dangin HC, ka ɗaure ta da wuta ko da ƙasa. In ka bar ta tana lilo, za ka ga LED yana kunnuwa da ka kawo hannunka kusa, ayisin kuma tana ɗumi a banza. Kuma ka duba rubutun bayan ayisin a shago: in aka haɗa maka da 74LS, fitarta ta sama tana iya tsayawa wajen bolt 2.7, HC kuwa tana son kusan 3.5 kafin ta yarda 1 ce. In dole ne a haɗa su, HCT ake sawa a tsakani.

Lokacin hunturu ka kula sosai. Iskar ta bushe, rigar sanyi tana tara wuta a jiki, taɓawa ɗaya tana iya kashe ƙafar ayisin CMOS irin na dangin HC ba tare da ka ga ko hayaƙi ba. Ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki ayisi, ka ajiye su a ledarsu mai ƙyalli. Like da dalma kuwa, masu gyaran waya irin na Farm Centre a Kano sun fi yawancin injiniyoyi hannu wajen ɗaga ayisi da iska mai zafi. Asabar huɗu a gefen teburin ɗayansu ba asara ba ce.

Ɗan_Aji_Uku ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Baba. Na sauke kayan aikin har na fara HDLBits. Tambaya ɗaya: wane allon FPGA, wato cif ɗin da ake ɗora wa da'irar da aka rubuta da Verilog, zan saya in na tara kuɗi? Wani ya ce min in ba Basys 3 ba ne ɓata kuɗi ne. Sannan har yanzu ina jiran mai haske kan maganar bincike da SIWES.

Yar_Silikon ta amsa:

Ɗan'uwa, bari in ɗauki ɓangaren bincike, allon kuma in bar wa Malam.

Ka fara da sanin ƙofofin da ba naka ba ne, don kar ka ɓata dare kana cike fom. Kuɗin REU, shirin binciken ɗaliban digirin farko na hukumar kimiyya ta NSF a Amurka, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. RISE na DAAD a Jamus ɗaliban jami'o'in Arewacin Amurka da Birtaniya da Ireland yake ɗauka. Su ne suke fara fitowa in ka bincika a intanet, shi ya sa na ambace su.

Waɗanda ke karɓar ɗalibi daga ko'ina su ne irin Summer@EPFL a Lausanne da kuma shirin bazara na sashen kwamfuta na ETH Zurich, duka a Siwizalan. Ana rufe karɓar takardunsu ne tun wajen Nuwamba zuwa Disamba na shekarar da ta gabaci bazarar, kuma suna biyan kuɗin zama. ETH tana da muhimmanci gare ka musamman, don a can ne tare da Jami'ar Bologna ake aikin PULP, furosesoshin RISC-V masu ƙarancin shan wuta da rubutunsu yake a buɗe. CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, tana da shirin ɗaliban bazara da gurabe ga ƙasashen da ba mambobi ba, ana rufewa a Janairu, kuma ana so ka kammala shekara uku ta jami'a kafin ka je. Mutane suna ɗauka fiziks kaɗai ake yi a can, alhali na'urorin tace bayanansu cike suke da FPGA. Sai shirin VSRP na jami'ar KAUST a Saudiyya, wanda yake ɗaukar wata uku zuwa shida, tsawon da ya fi dacewa da SIWES. Gasar tana da zafi a dukansu, kuma suna duba sakamako sosai. In za ka nemi a ƙirga maka ɗaya a matsayin SIWES, ka je wurin mai kula da SIWES na sashenku tun kafin ka nema, ka samu amincewa a rubuce, saboda akwai littafin rahoto da ziyarar mai dubawa da ITF, hukumar da ke kula da SIWES, take buƙata. Fasfo ma ka yi shi yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma waɗanda ba sai ka bar ɗakinka ba. Google Summer of Code ana neman shiga wajen Maris zuwa Afrilu, kuma gidauniyar FOSSi ta sha zama inuwar ayyukan cif a ƙarƙashinsa. RISC-V International tana ba da horo da jagora ta dandalin LFX na Linux Foundation. A nan abin da ake dubawa ba makinka ba ne, ana duba ko ka riga ka gyara wani abu a ma'ajiyar aikin. Don haka tun Janairu ka zaɓi aiki ɗaya, ka gina shi a laftof ɗinka, ka gyara ko da kuskuren bayani ne ko ka ƙara gwaji guda, sunanka ya saba da idon masu aikin. Ƙungiyar SSCS ta IEEE ma tana shirya gasar Chipathon, inda tawagogi ke zana cif da buɗaɗɗun kayan aiki.

Maganar fitar da cif na gaske ba mafarki ba ce yanzu. A 2020 Google da SkyWater suka buɗe bayanan masana'antarsu ta 130 nm ga kowa, daga baya IHP ta Jamus ma ta buɗe tata. Tiny Tapeout, wanda Matt Venn ya fara a 2022, yana yanka cif ɗaya gida-gida ya sayar wa ɗaruruwan mutane. Gida ɗaya wajen 160 µm ne sau 100 µm, yana ɗaukar ƙofofi kusan dubu, da ƙafafun shiga 8, na fita 8, da 8 masu yin duka biyu. Furosesarka ta RV32I ba za ta shiga gida ɗaya ba, rumbun rajistoci kaɗai filif-fulof (da'irar da ke riƙe bit ɗaya) 992 ne in ka cire x0, kuma kowane filif-fulof ya fi ƙofa ɗaya cin fili nesa ba kusa ba. Amma UART (mai aika bit ɗaya bayan ɗaya ta waya) ko mai fitar da PWM (sigina mai sauya faɗin bugu) ko ƙaramar ALU za su shiga. Tura zanen ta GitHub har ya fito da fayil ɗin GDS, zanen ƙarshe da ake kai wa masana'anta, kyauta ne, biya sai in kana son a ƙera, kuma jiran cif ɗin watanni ne masu yawa. Ko ba ka biya ba, rahoton fili da na lokaci da za ka samu abin nunawa ne.

Kar ka raina na gida. Kuɗin bincike na TETFund malamai ake ba wa, ɗalibi yana shiga ne ta hannun malamin da ya samu. Ka duba Google Scholar ka ga wane malami a sashenku ko sashen lantarki ya wallafa wani abu kan FPGA ko na'urorin da ake dasa wa furosesa a shekaru uku da suka wuce. Ka karanta takardarsa ɗaya, ka sake gina wani ɓangare nata, sannan ka je ofishinsa da laftof a buɗe. "Malam, ina sha'awar bincike" kowa yana faɗa. "Malam, na gwada tacewar da ke takardarka da bit 12 maimakon 16, ga abin da ya fito" kuwa zai sa a ja maka kujera. Haka imel zuwa farfesan waje: layi shida, sunan takardarsa da ka karanta, abin da ka gina, mahaɗin GitHub, da watannin da kake da sarari. Ga SIWES na cikin gida, ka nemi wurin da ake zana allon da'ira da rubuta manhajar cikin na'ura, irin masu haɗa inbata da mitar wuta da na'urorin bin sawun mota, ko ka gwada cibiyar NCAIR ta NITDA a Abuja. Ka tambaye su kai tsaye ko suna da osiloskof kuma ko ɗalibi yana taɓawa. In mastas ne a gaba, CMU-Africa a Kigali tana da na injiniyan lantarki da kwamfuta.

Malam_Lojik ya sake amsawa:

Basys 3 allo ne mai kyau, yana da Artix-7, agogon 100 MHz, makunnai 16 da LED 16, kuma darussan jami'o'i da yawa a kansa aka rubuta su. Sai dai tsadarsa ta ninka ta Tang Nano 9K sau da yawa, kuma yana tafiya da manhajar Vivado, wanda saukarsa kaɗai gomman gigabayit ne. Ka lissafa kuɗin data, ka lissafa yadda zai riƙa jan ƙafa a 8 GB. Tang Nano 9K yana da LUT (ƙananan tubalan lojik na FPGA) 8,640 da agogon 27 MHz da LED 6, RV32I tana shiga har da rara, kuma kayan da ka riga ka sauke suna iya sarrafa shi: Yosys, sai nextpnr, sai openFPGALoader. Shi nake ba ka shawara. Wanda ya ce ɓata kuɗi ne wataƙila bai gwada ba.

LED ɗinsa suna kunnuwa ne in ka ba su 0, don haka kar ka firgita in komai ya fito a juye. Ƙafafunsa yawanci na bolt 3.3 ne, wasu ma 1.8, Arduino Uno kuwa 5 yake fitarwa. Haɗa su kai tsaye yana ƙona ƙafa, sai da mai sauya mataki a tsakani ko aƙalla resista biyu masu raba wuta.

Abu na farko da za ka gina a kansa UART ne, don furosesarka ta samu bakin magana da laftof. 27,000,000 a raba da 115,200 ya ba da 234.375. Ka ɗauki 234, kuskuren bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba, UART tana haƙuri da fiye da haka. Wajen karɓa, ka ɗauki kowane bit a tsakiyarsa, wato ka jira bugu 117 bayan faɗuwar bit na farawa ka tabbatar har yanzu 0 ne, sannan ka riƙa ɗauka duk bayan 234. Duk siginar da ta shigo daga waje, ta UART ce ko ta maɓalli, ka bi da ita ta filif-fulof biyu a jere kafin ta taɓa sauran da'irar. Ba ta san agogonka ba, tana iya canjawa daidai lokacin da filif-fulof yake ɗauka, sai ya tsaya tsaka-tsaki na ɗan lokaci, wani ɓangare ya karanta 1 wani ya karanta 0. Irin wannan matsalar takan zo sau ɗaya a awa ko a yini, kuma gwajin kwaikwayo ba ya nuna ta. Rawar maɓallin da Baba ya faɗa kuma, a nan da ƙirgau ake maganinta: milisakan 10 bugu 270,000 ne, bit 18 yana tsayawa a 262,143, saboda haka bit 19 kake buƙata.

Babban abin da zai ba ka mamaki shi ne memori. Furosesarka mai bugu ɗaya tana karanta memori nan take a gwajin kwaikwayo. Tubalan RAM na cikin FPGA kuwa sai bugu na gaba suke ba da amsa. In ka bar rubutun yadda yake, Yosys ba zai iya amfani da tubalan ba, zai yi ƙoƙarin gina memorin da LUT, sai ka ga 'yan kilobayit sun cinye allon gaba ɗaya. Mafita ita ce ka mayar da furosesar mai matakai, ɗauko umarni a bugu ɗaya, aiwatarwa a na gaba, ko ka wuce kai tsaye zuwa layi mai hawa biyar (pipeline), inda umarni biyar ke tafiya a jere kowanne a matakinsa. A mai hawa biyar, ko ka miƙa sakamako gaba ta gajeriyar hanya, umarnin da ke amfani da abin da umarnin LW ya ɗauko daga memori nan take bayansa dole ya jira bugu ɗaya. Kuma kullum ka duba rahoton lokaci na nextpnr. A 27 MHz kana da nanosakan 37 tsakanin bugu da bugu. In hanya mafi tsawo ta wuce haka, allon zai iya yin aiki da sanyin safiya ya fara shirme da zafin azahar, domin tiransisto suna rage sauri in sun ɗau zafi.

Zan ƙara kan abin da 'yar'uwa ta faɗa game da bincike. "Zanawa da gina furosesa" aikin kammalawa ne mai kyau, amma ba bincike ba ne sai akwai tambaya da awo. Ka ɗauki furosesarka ka gudanar da shirin awon sauri irin CoreMark ko Embench, ka ƙirga bugu nawa kowane umarni yake ci a matsakaici. Sannan ka canja abu ɗaya tak: ka ƙara mai cankar reshe, wato da'irar da ke hasashen ko za a yi tsalle, mai ƙirgau na bit 2 da gurbi 64, ka sake awo, ka mayar da shi 256, ka sake. Kowane mataki ka rubuta bugu nawa aka rage, LUT nawa aka ƙara, saurin agogo nawa aka rasa. In kana son awon wuta, ayisin awo INA219 da resistarsa ta om 0.1 a kan layin wutar allon zai ba ka miliwat ta I2C, sai dai ka auna allon yana zaune babu aiki tukuna ka cire wannan daga sakamakon, in ba haka ba wutar ayisin USB da ta LED za su rufe bambancin da kake nema. In tambayarka ta fi ƙarfin allon, irin girman ma'ajiyar kusa (cache) ko dabarun cankar reshe na manyan furosesoshi, manhajojin kwaikwayo ChampSim da gem5 suna yin wannan a laftof. Shi gem5 yana cin RAM sosai lokacin haɗa shi, a 8 GB ka ba shi zare biyu kawai da -j2, ka rufe burauza, ka tabbatar batirin zai kai ko kana kusa da wuta.